Hannun Hagu na Baba Mai Agogo

Gaban ɗalibar ya faɗi ne ranar da ta lura Baba Mai Agogo bahago ne.

Shekara biyu ke nan tana kawo masa abin bincikenta: ɗan fallen ƙarfe da ko kusa bai kai kaurin gashi ba, shimfiɗe a kan ƙwayar dutse mai girman farce. In aka sanyaya shi matuƙa, lantarki na ratsa shi ba wata turjiya. Abin da ta gano, wanda digirinta ya rataya a kai, shi ne fallen ya fi ɗaukar lantarki ta tsawonsa fiye da ta faɗinsa. Har Farfesa mai duba aikinta ya fara yi wa baƙi alfahari da ita.

Baba ne ke manna fallen a mazauninsa, ya haɗa masa wayoyi. A bakin titi ya fara, yana gyaran agogo, har wayar hannu ta kashe kasuwar. Jami'a ta ɗauke shi don hannunsa ba ya rawa. Har yau ba ya shan shayi kafin aiki.

Ranar tana tsaye a bayansa. Ya ɗiga gam ta hagu, ya danna, ya ja zuwa dama. Gam kuwa in ya sha sanyi tsukewa yake. In kullum ta gefe ɗaya yake jan fallen, bambancin nan ba na ƙarfe ba ne, na hannun Baba ne.

"Baba, kullum haka kake mannawa?"

Bai ɗago daga madubinsa na ƙara girman abu ba. "Tun ba ki iya rubuta sunanki ba, 'yata."

"Ko za mu juya fallen a kaikaice, ka sake manna shi yadda ka saba?"

Sai a nan ya ajiye hantsakin, ya dube ta sama da ƙasa.

"Farfesa ne ya turo ki?"

"Wallahi a'a."

"Ɗalibin bara ma wallahi ya ce. Da awonsa ya watse, ni aka kira ofis."

Amma ya juya fallen, ya manna. Ya jawo tsohon littafinsa, ya zana yadda ya ajiye shi, ya miƙo mata biro.

"Sa hannu. Ke kika ce."

In bambancin ya juya tare da fallen, bincikenta gaskiya ne. In ya tsaya inda gam ya ja, shekara biyu ta tafi a banza.

Kwana uku tukunyar da ake sanyaya fallen ke ɗauka kafin ta kai sanyin da ake so. Yau kwana biyu. Ba ta faɗa wa Farfesa ba, kuma ba ta san ko Baba ya faɗa ba. Awo sai gobe.