Farin Wandona da Tsohuwar Bakin Mayo

Ruwa har ƙugu, tsohuwa goye a bayana, sabon farin wandona ya koma kalar kunu. Yau ina kallon 'yata tana guga abin ya faɗo mini.

Shekarar da muka jefa ƙuri'ar shiga Najeriya ce. Aka ba ni karatun Littafi Mai Tsarki ranar Lahadi, ni da karatuna bai wuce aji uku ba, ga mahaifin Saratu, yarinyar da nake nema, zai zauna a gaba. A hanyar Sahuda na tarar mayo, wato rafi, ya cika, wata tsohuwar Bafulatana mai zazzaɓi tana neman zuwa asibiti. Na ƙetarar da ita, na raka ta.

Ina shiga coci ana cewa Amin. Na ce shi ke nan, Saratu ta tafi.

Mahaifin Saratu ya dubi wandona. "Kai, kifi ka je kamawa?"

"Baba, wata tsohuwa na goya."

"'Yar cocinmu?"

"Ko sunanta ban sani ba."

Sai ya ce, "Turo iyayenka."

Na sami mata, na kuma tsira daga dogayen sunayen Tsohon Alkawari! Ni dai a kamannin tsohuwar nan Yesu ya tare ni. Ku fa, a ina Yesu ya taɓa tare muku hanya?