Azumin Milud

Fiye da shekara goma ni da Milud muna tseren keke na mutum biyu a tsohon filin siminti mai gangare na Kasablanka. Kekunanmu ba birki, in ka hau ƙafa ba ta hutawa. Ɗaya yana gudu, ɗaya yana numfasawa a saman gangare, in lokacin canji ya yi ka kama hannun abokinka ka wurga shi gaba. Na san hannun Milud fiye da na matata.

Da asuba yana dakon kifi a tashar jirgin ruwa, da la'asar yana fili. Ƙarni ba ya barin jikinsa, shi ya sa muke ce masa Sardin, sunan ɗan kifin nan na gwangwani. Ba shi da baiwar kirki, gaskiya ɗaya ce, naci ne kawai. Kofunan da ya ci na kwano ne, mahaifiyarsa Lalla Zubida tana zuba allura da zare a ciki.

Ya haura talatin lokacin da wata ƙungiya a Beljiyam ta ce za ta turo mutum bayan ƙaramar Sallah ya duba gudunsa. Ya sani, na sani, in wannan ta wuce babu wata.

Nan Si Bushta ya shigo, wani mai tausa da ya yi aiki da 'yan keke a Sifen, mai murmushin da ban taɓa yarda da shi ba. Shi ya kawo masa allurar da ke ƙara jini. Tana sa mutum ya yi gudu bai gaji ba, amma jinin yana kauri kamar kunu. A gabana ya gargaɗe shi.

"Ruwa, Sardin. Dare da rana ka yi ta sha. In ka bar jikinka ya bushe, babu ruwana."

Turawan da Bushta ya koya a wurinsu ba sa azumi. Mu kuwa Ramadan ya zo mana a tsakiyar zafi. Milud ya tsara abinsa tsaf: allura sai bayan an sha ruwa, ya ci dabino, ya sha romon harira, don kada azuminsa ya karye. Da rana kuma yana kan siminti da busasshen baki.

Na tsare shi a ɗakin canza kaya.

"Ɗan'uwa, ka zaɓi ɗaya. Ko ka bar allurar nan, ko ka ajiye azumin ka rama."

"Kai ne sabon limamin unguwa, Larbi?"

"Leɓenka ya tsage. Idonka kamar garwashi."

Ya sunkuya yana ɗaure takalmi.

"Na riga na cuci mutane. So kake in haɗa da Allah?"

Na zage shi, zagi na sosai, da azumi a bakina. Dariya ya yi, ya ce lada nake zuba masa.

Goman ƙarshe, muna atisaye, na sauko daga gangare na miƙa masa hannu. Ya kama, amma babu kowa a cikin hannun. Yatsun suka zame. Keken ya ci gaba da juya ƙafafunsa har kwanar filin, sannan ya watsar da shi.

Likita ta ce jini ne ya daskare a kansa. Bushta ya ɓace. Mutumin Beljiyam ya zo, ya ɗauki wani.

Milud bai mutu ba. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi. Lalla Zubida ba ta san da allura ba, abin da ta sani ɗanta ya faɗi da azumi a bakinsa, an ce ya sha ruwa ya ƙi. Haka ta faɗa a gidan wanka, haka unguwa ta ɗauka. Yanzu duk Juma'a ana fito da shi ƙofar gida cikin farar jallabiya, mata suna kawo marasa lafiya ya shafa musu kai da hannun hagu. Abin yana ƙona min rai, amma wa zai kalli tsohuwar nan ya gyara mata labari?

Makon jiya wata ta ce masa, "Sidi Milud, ka sa mu a addu'a, kai da ba ka taɓa ha'inci ba."

Ya juyo ya kalle ni, yana neman kalma. Hawaye suka zubo.

"Kun gani," in ji mahaifiyarsa, tana share masa fuska. "Tsoron Allah ne."