Muryar Kakana a Cikin Kwalla

Ko na tsufa na manta da komai, ina jin ba zan manta da daminar da na sayi na'urar ɗora sauti a faifan sidi ba. Lokacin ban daɗe da dawowa Haɗeja daga jami'a ba. A tsohuwar kwamfutar gidanmu akwai hirar da na taɓa ɗauka da kakana kafin ya rasu, yana ba da labarin kamun kifi a fadama, yana dariya. Babu muryarsa a ko'ina sai nan.

Kakata tana da rediyo mai cin faifai, kullum roƙonta ɗaya ne: in saka mata muryar mijinta ta riƙa ji a ɗaki.

Ni kuwa mutum ne mai tsoron kuskure. Mako uku ina zarya shagon wani mai gyaran kwamfuta. Ya nuna mini iri biyu, wadda ake ɗaurawa a cikin kwamfuta da ta waje mai igiya. In na ce wannan, sai in ga kamar waccan ta fi ƙarko. Har ya gaji ya ce, "Malam, ko aure za ka yi da ita ai ka gama bincike."

Ana haka kogi yana ta cika, maƙwabta sun fara jera buhunan yashi. Wata rana na zauna ina yi wa kakata dogon bayani a kan na'urorin biyu, wai kowacce da amfaninta. Ta katse ni.

"Kai angona, boko ya cika maka kai. Wacce za a iya sungumawa a gudu in ruwa ya shigo?"

"Ta wajen, Kaka, amma dai wataƙila..."

"To je ka sayo ta, ka bar wataƙilar a gida."

Da la'asar na sayo ta, na ɗora hirar a faifai uku. Muka saka ɗaya a rediyonta. Da muryarsa ta fito, sai ta gyara ɗaurin ɗankwalinta kamar ya shigo ɗakin. "Ji shi," in ji ta a hankali, "har yanzu yana ƙara wa kifin nan girma."

Ta naɗe faifan da na'urar a zane, ta saka cikin kwallarta da take ajiye abin da take ji da shi.

Bayan kwana huɗu ruwa ya shigo unguwarmu ina kasuwa. Kwamfutar ta jiƙe, ba ta sake tashi ba. Kakata kuwa ta fito da kwallar a ka.

Har yau ina yawan jinkiri, ba zan ɓoye ba. Amma na koyi cewa taka-tsantsan ma yana iya jawo asara in ya yi yawa. Da na ƙara kwana huɗu ina tunani, da kakana ya yi shiru har abada.