Akusan da Ake Aiko wa Mijina

Mijina ɗan kokawa ne, kuma duk ƙasar Dogo ba wanda ya taɓa kai bayansa ƙasa. Da kaka, in an gama cirar gyaɗa, a ƙafa yake zuwa garin Zermu, ya yi kaye ya dawo. Mutanen gari ke ciyar da shi, haka al'adar take. Wannan gida a aiko fura da nono, wancan a aiko tuwon dawa yana iyo cikin man shanu. Ya cinye tas, gumi ya fitar da shi.

Sai gwiwarsa ta goce a wani wasa, ya bar fage. Ƙafa ta zauna, amma akusa ba su daina zuwa ba. Wa ya isa ya mayar wa maƙwabci abinci? Ko ragewa ya yi, an ce ya raina mutane. Kafin damina uku, wallahi sai ya dafa bango yake miƙewa, salla ma a zaune yake yi. Mutane kuwa sai barka suke yi mini, wai na iya kiwon miji. Kiwo! Sai ka ce ragon layya.

Da haki ya yi yawa, muka kai shi Damagaram a kan jaki. Lokotoro, wato likita, ya ce ya rage mai da fura, ya riƙa takawa kullum, in ba haka ba zuciyarsa za ta gaji.

Ni ba ni da haƙuri, kowa ya sani. Na riƙa tare akusan a zaure, in kwashe rabi in kai wa wata tsohuwa makauniya da ke bayan gidanmu. Kullum da hantsi in tsaya a kansa: "Maigida, tashi mu je bakin tabki." Ya yi tsaki, ya tashi, yana ɗingishi ina gaba ina mita. Cikin 'yan watanni riga ta fara yi masa yawa, ya koma salla a tsaye. Ranar har na yi guɗa ni kaɗai a ɗaki.

Uwarsa ce ta kama ni da akushi a hannu. "Ke yarinyar nan, ɗana kike kashewa da yunwa? Dubi wuyansa!"

Na ce, "Inna, lokotoro ne ya ce."

"Lokotoro ne ya haifa mini shi?"

Kafin la'asar magana ta zaga gari. A rijiya mata na yi mini habaici, wai marowaciya mai satar abincin miji. Shi kuwa bai kare ni ba, don ba ya musu da uwarsa. Na yi kuka, na yi fushi, na ce to ku ci kanku. Na daina.

A shekarar da aka samu mulkin kai ya kwanta. Ƙafafunsa sun kumbura, ba ya iya barci sai a jingine. Wata rana da azahar ina yi masa fifita, ya kama hannuna, yana jan numfashi da ƙyar.

"Ke da ba kya tsoron kowa," ya ce, "me ya sa kika ƙyale ni?"

Bakin mutane na ji tsoro, kuma kunya ta hana ni faɗa masa. Kwana biyu tsakani muka yi masa sutura.