Ambulan Goma Sha Ɗaya a Ƙofar Barista Abdussamadu

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Talata, takwas ga watan Yuli na shekarar 2025, ana gab da kiran la'asar, Allah Ya karɓi ran Barista Abdussamadu Tamba a wani asibiti a Birnin Kebbi, bayan jinyar kwana biyu. Ya rasu yana da shekara sittin da takwas. A yammacin ranar aka kai shi gida Argungu, aka sallace shi, aka rufe shi kusa da mahaifinsa kafin magariba.

Baba, na so in rubuta maka ta'aziyya mai sanyi, irin wadda ta dace da mutum mai sanyin hali kamarka. Sau uku ina farawa ina yagewa. Abin da na gani a ƙofar gidanka ranar addu'ar uku ya hana ni, kuma kai ka koya mana cewa lauya ba ya ɓoye hujja don tana da ɗaci.

Ga wanda bai san ka ba: shekara talatin da ɗaya ka yi kana aikin lauya a wata hukumar gwamnatin tarayya. Ka zauna Legas, ka zauna Fatakwal, ka ƙare a Abuja kana shugaban sashen shari'a. Da ka yi ritaya, abokanka sun zaci za ka buɗe ofishin lauya a Abuja kamar yadda suka yi. Sai ka dawo Argungu, ka kama shago ɗaya a Birnin Kebbi, ka sa kwamfuta biyu da firinta da benci. Kowace Asabar ka kamo hanya tun da safe, ka wuce Zauro da Ambursa a tsohuwar motarka, ka buɗe shagon nan ƙarfe tara. Ba ka sayar da komai a ciki. Matasan lauyoyi kake jira.

Ni ma a bencin nan na fara zama, shekara bakwai da suka wuce, ina ɗauke da jakar wani babban lauya daga kotu zuwa kotu, ban san inda na dosa ba. Ka tambaye ni aikin lauya nawa na sani. Na ce tsayawa gaban alƙali. Ka yi dariya har ka cire tabarau. Ka shiga lissafa mini inda gwamnatin tarayya ke neman lauya: ma'aikatar shari'a, kwastam, masu tattara haraji, masu yaƙi da cin hanci, masu ba talaka lauya kyauta, har soja. Ka ce babu hukumar da za ta sa hannu a kwangila ba tare da lauyanta ya karanta ba, kuma mai karantawar nan yana iya kasancewa ɗan mai noman shinkafa. Ni koyarwa ta ja ni daga baya, kuma ba ka yi fushi ba. Ka ce to in riƙa turo maka ɗalibaina. Tun ranar nake zuwa ina taya ka.

Wata Asabar ka ba ni labarin da ya sa ka buɗe shagon. Shekarar da aka sa ka cikin kwamitin ɗaukar ma'aikata, hukumarku tana neman lauyoyi, kuma bisa tsarin raba gurabe tsakanin jihohi, jiharmu tana da uku. Ka ce ka zauna kwana huɗu kana sauraron a kira ɗan gida. Ba a kira kowa ba, domin ba wanda ya nema. Da ka zo gida hutun Sallah, matasan lauyoyi tara suka zo gaishe ka, duk ba su da aikin kirki, kuma kowanensu ya gaya maka da murna cewa takardunsa suna hannun wani babba a Abuja. Ka ce ranar ba ka iya cin naman Sallah ba.

Wannan ita ce al'adar da ka yi shekara takwas kana yaƙa. Yaro ya yi shekara biyar a jami'a, ya yi makarantar horon lauyoyi, ya yi bautar ƙasa, sannan ya tattara takardunsa a ambulan ruwan ƙasa ya fita farautar babban mutum: a masallacin Juma'a, a wurin ɗaurin aure, a filin jirgi. In ya miƙa, ya koma gida ya ce ya nemi aiki. Hukumar kuwa ta buga sanarwa, ta buɗe shafi a intanet, ta rufe, bai sani ba.

Ba ka taɓa karɓar ambulan ba. Ina nan ranar da wani dattijo manomi daga Zauro ya zo da 'yarsa Ni'imatullahi, da buhun shinkafa a bayan babur ɗin kabu-kabu, da ambulan a hannu. Ya durƙusa ya ce ka san mutane, ka taimaka. Ka tashe shi, ka ba shi kujerarka, ka buɗe ambulan a gabansa ka miƙa wa yarinyar takardunta, ka ce ta zauna gaban kwamfuta. Shinkafar ka ce a mayar, amma da ka ga ransa ya ɓaci sai ka ɗebi mudu ɗaya ka ce na tuwon matarka Hajiya ne. Wata biyar kana koya mata yadda ake rubuta wa shugaban hukuma shawara a shafi ɗaya, da yadda ake gano tarkon da ke cikin yarjejeniya. Jarrabawar farko ta faɗi. Ta yi kuka ta ce dama an gaya mata sai da hanya. Ba ka ƙaryata ta ba. Abin da ka ce mata har yau yana kunnena:

"Ɗiyata, ban ce babu son kai ba, na gan shi da idona. Amma in kin nema anka danne ki, ina da takardar da zan kai ƙara. In ba ki nema ba, mi zan kai?"

A karo na biyu ta ci. Yau shekararta uku tana aiki a Lakwaja, kuma ita ta fara kirana tana kuka da aka sanar da rasuwarka. Irinta goma sha uku ne a littafinka, littafin nan mai baƙin bango da kake rubuta sunan duk wanda ya zauna a bencin, ka ja jan biro gaban wanda ya kammala neman aiki, ka zagaye wanda ya samu.

Goma sha uku a shekara takwas. Da an taya ka, da sun fi haka nesa, kuma a nan fushina ya fara. Manyan lauyoyin garin nan da suka cika rumfar makokinka suna cewa an yi babban rashi, su ne suka hana yaransu zuwa wurinka ranar Asabar, wai akwai fayil da za a shirya. Su ne ke kiran aikin hukuma aikin magatakarda, suna gaya wa yaro cewa lauyan da ba ya sa hula da baƙar riga ba lauya ba ne, alhali yaron ko kuɗin keke ba ya samu a wurinsu. Sau biyu ka roƙi a ba ka minti ashirin a taron shekara ka yi wa matasa bayani. Sau biyu aka ce lokaci ya ƙure. Ranar Alhamis kuwa, a wurin addu'ar uku, na ji wani ya yi minti ashirin cif yana yabonka.

Yanzu ga abin da ya faru. Mako biyu kafin ka kwanta, wata hukumar tarayya ta buga sanarwar neman lauyoyi. Za a rufe ranar Juma'a, ashirin da biyar ga wannan wata. Ka kira ni kana murna kamar yaro, ka ce a tara kowa. Cikin waɗanda suka zo akwai Mujtaba, ɗan Ambursa, wanda ya ce in faɗi sunansa a nan. Ban taɓa koyar da ɗalibin da ya fi shi kaifin rubutu ba. Sanarwar ta ce kada mai nema ya kai shekara talatin da ɗaya, shi kuwa zai cika su a watan Satumba. Wannan ce damarsa ta ƙarshe, kuma kai da shi kun san haka. Asabar ɗinka ta ƙarshe kun cike fom ɗinsa har rabi, saura a ɗauki hoton takardun shaidarsa a ɗora. Wuta ta ɗauke, janareto ya ƙi tashi, ka ce ya dawo mako mai zuwa. Mako mai zuwan bai same ka ba.

Ranar addu'ar uku wani babban mutum ya zo daga Abuja da motoci uku. Ba zan faɗi sunansa ba. Ya yi magana mai daɗi, ya ce kai ubangidansa ne, ya ce ba zai bari aikinka ya mutu ba. Sannan ya ce duk matashin da ke da takarda ya miƙa wa direbansa. Baba, sai na ga hannuwa suna shiga ƙarƙashin riguna. Da ambulan suka zo makokinka. Tun daga gida suka ji labarin wa zai zo, suka shirya. A ƙofar gidanka, a kan tabarmar da aka shimfiɗa don yi maka addu'a, yaran da ka zaunar a bencinka suka yi layi gaban direba. Na ga Mujtaba na huɗu a layin.

Na ja shi gefe, kuma na yi masa maganar da ban taɓa yi wa ɗalibi ba. Ya sunkuyar da kai har na gama. Sai ya ce:

"Malam, Baba ya tahi. Babana ya ce in ban miƙa ba kar in komo gida. Wa ya rage muna?"

Na tambaye shi ko kwafi ya sa a cikin ambulan ɗin. Ya ce na ainihi ne, wai don babban ya ga da gaske yake. Takardar digirinsa, da takardar shaidar zamansa lauya, da ta bautar ƙasa, duk ya miƙa. Ke nan ko da ya so ya ƙarasa fom ɗin nan, ba shi da abin ɗorawa.

Motoci uku suka tashi bayan azahar. Da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, aka yi ruwa mai ƙarfi. Da ya tsagaita, masu naɗe tabarmi suka ga wani kwalin ruwan roba a ƙarƙashin kujerar da babban ya zauna. Suka kai wa Hajiya Baiwa, matarka, a zaton kayan sadaka ne. Ambulan goma sha ɗaya ne a ciki. Ko cikin mota ba a sa su ba. Na ƙasa sun jiƙe sharkaf.

Ban sani ba ko mantuwa ce ko ganganci, kuma ban damu in sani ba. Har yau kwana shida, ba wanda ya bugo waya daga Abuja ya ce ya manta da wani abu. Wannan shi ne darajar shekara bakwai ta karatun ɗan talaka a hannun mutumin da ya yi alkawari a gaban jama'a. Ina fushi da shi. Ina fushi da iyayen da ke tura 'ya'yansu durƙuso bayan sun sayar da shinkafar shekara sun koya musu doka. Kuma ina fushi da kaina, domin ina tsaye a wurin na bar layin nan ya tafi har ƙarshe, ina jin nauyin tayar da murya a gidan makoki.

Washegarin addu'ar ukun Hajiya ta aiko a kira ni. Tana cikin takaba, ta bayan labule ta yi mini magana. Ta ce ita ta shanya takardun ɗaya bayan ɗaya a kan gadonka, ƙarƙashin fanka. Ta turo mini kwalin, da makullin shago, da littafinka mai baƙin bango da jan biron a maƙale. Ta ce kada in ba kowa ambulan ɗinsa a hanya ko a gida. Wanda ke son nasa ya zo shago ya zauna a benci, yadda mai shagon zai ce in yana nan.

Kwana uku Mujtaba ba ya ɗaukar wayata. Jiya Talata na je share shagon, sai na same shi tsaye a bakin ƙofa, ya fi awa ɗaya a wurin in ji mai shayin da ke kusa. Ban yi masa faɗa ba, na ƙarar da faɗan a Argungu. Takardar shaidar zamansa lauya ta yi tabon ruwa a gefe ɗaya, amma sunansa da hatimi suna nan sarai. Muka ɗauki hotonta da na sauran takardun, muka ɗora, ya karanta fom ɗin daga farko har ƙarshe sau biyu kamar yadda kake sa su yi, ya tura. Da takardar shaidar karɓa ta fito daga firinta, ya riƙe ta ya fashe da kuka, ni ma ban iya hana kaina ba. Na buɗe littafinka na ja jan biro gaban sunansa. Ban sani ba ko zai samu. Amma in aka danne shi, yanzu akwai takardar da za a kai ƙara.

Saura ambulan goma, saura kwana tara. Ku masu su, kun san kanku, kuma ba zan kira sunan kowa ba. Shagon Baba zai buɗe ranar Asabar ƙarfe tara, da kowace rana bayan la'asar har zuwa ranar rufewa. An gyara janareto. Ni'imatullahi ta ɗauki hutu za ta zo ta zauna da ku. In mahaifin wani ne ya hana, ya gaya mini, ni zan je har gida in durƙusa masa. Wannan durƙuson na yarda da shi.

Allah Ya jiƙan Barista Abdussamadu Tamba, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya yalwata kabarinsa, Ya sa kowace Asabar da ya kamo hanyar Birnin Kebbi ta zama haske gare shi. Allah Ya ba Hajiya Baiwa, da 'ya'yansa Ummu Hani da Aminullahi, da 'yan'uwansa na Argungu haƙurin wannan rashi. Mu da muka zauna a bencinsa, Allah Ya yafe mana abin da muka yi a ƙofar gidansa, Ya ba mu ikon gyarawa kafin Juma'ar rufewa. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.

Izzuddeen Sunusi
Birnin Kebbi, Laraba 16 ga Yuli, 2025