Kocin da ƙafarsa ba ta taɓa ƙwallo ba

Mun tashi da asuba daga Madina, ni da ƙanena, a motar haya. Gwaggonmu ta unguwar Mahjar a Jidda ce ta taso mu, wai ɗanta da ya daɗe a Amurka ya zo Jidda hutu, ya buga ƙwallo har ya zama koci. Ƙanena kuwa ba shi da buri sai wani koci ya ga ƙafarsa. Kafilinsa, wato ubangidansa mai shagon da yake wa aiki, ya ce in ya tafi kada ya dawo shago. Ƙanena ya ɗauki takalman ƙwallonsa muka fito.

Hanya lafiya lau, ba rami ko ɗaya, amma direban ya ƙure sanyin mota har haƙorana na kaɗawa. A wurin hutawa muka ci waken ful da gurasar tamis. Shayin kam tsadarsa ta fi daɗinsa. Muna shiga Jidda gumi ya manna mini riga a baya, mai tasi kuma ya yi ta yawo da mu cikin wata unguwa wai ita Waziriyya sai da na daka masa tsawa.

Muna cikin cin shinkafa da kifi a gidan Gwaggo ɗan nata ya shigo, a kaikaice, don ƙofar ta yi masa kaɗan. Wuya kamar turmi! Na ce a raina, wannan wace lamba yake bugawa?

Hausarsa rabi Larabci ce, amma mun gane. Ƙungiyar ƙwallon wata jami'a ce ta ɗauke shi saboda girmansa, ta sa shi a sahun gaba na masu tsaro. Aikinsa ya bankaɗe ƙattin da ke gabansa, ya kayar da mai riƙe da ƙwallo. Da gwiwarsa ta lalace sai ya koma koya wa samari bankaɗa.

Ƙanena ya ajiye cokali ya dube shi. "Yaya, mai riƙe da ƙwallo? Da hannu?"

"Aiwa, da hannu. Wallahi tunda nake wasa ƙafata ba ta taɓa ƙwallo ba."

Ya nuna mana hoto a waya: hular kwano, kafaɗu a kumbure, ƙwallon kamar gwanda. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Haba Gwaggo! Ai wannan kokawa ce!"

Ko a jikinta. Ta ce, "To ba ƙwallo suke ce mata ba? Yalla, ku ci abinci."

Ƙanena ya daure ya tambaye shi ko ya san wani a ƙwallonmu na ƙafa. Kunya ta kama bawan Allah, ya ce ko mutum ɗaya.

Washegari muka juyo. Har muka iso Madina sai tsaki nake ja. Abin da na koya, jama'a, in an ce muku wane kocin ƙwallo ne, ku fara tambayar siffar ƙwallon. Da safe na raka ƙanena shago mu ba da haƙuri, muka tarar da wani a bayan kanta yana ba da canji.