Kunyar Suwaibatu Mai Ƙuli-ƙuli

Duk Ketare an san Suwaibatu da abu biyu: ƙuli-ƙulinta da ake kaiwa har kasuwar Ƙanƙara, da kuma kunyar 'yar fari. Tun da ta haifi Zulfa ba ta taɓa kama sunanta ba, daga "ke" sai "waccan". Ba ta zama tabarma ɗaya da ita, balle ta tambaye ta abin da aka koya musu a makaranta. Haka ta ga uwarta ta yi, kuma mata suna yaba mata, ita ko tana jin daɗin yabon.

Sai dai yarinya ba ta cin yabo. Zulfa tana son wanda za ta karanta wa darasi da ƙarfi, don in ba ta ji muryarta ba abin ba ya zama a kanta. Da ta rasa a gida, sai ta tsallaka gidan maƙwabciyarsu Shafa'atu. Ita ma Shafa'atun ko harafi ɗaya ba ta sani ba, amma kullum bayan la'asar sai ta shimfiɗa tabarma, tana ɓarar gyaɗa tana gyaɗa kai, yarinya na karatu.

Katanga ɗaya ce tsakaninsu, don haka Suwaibatu tana jin komai: "Madalla ɗiyata", da dariyar da ke biyo baya. Kishi ya riƙa cin ta, kishi na gaske. Ita ce fa ke sayen takalmi da alƙalami, ita ta hana yarinyar talla don kada ta makara. Amma duk wannan a ɓoye, wata can da ɓawon gyaɗarta ta kwashe ladan. Haushin sai ya ƙare a kan turmi.

Ranar ba da kyaututtuka Zulfa ta zo ta biyu a ajinsu. Shugaban makaranta ya ce mahaifiyarta ta miƙe a gan ta. Suwaibatu ta ja mayafi ta sunkuyar da kai, don uwa ba ta miƙe wa 'yar fari a gaban mutane. Mata suka tunkuɗa Shafa'atu, ta tashi tana washe baki, aka yi ta tafi. Zulfa ta waiwayo, kuma ba wajen uwarta ta duba ba. Wannan ne ya fi yi wa Suwaibatu ciwo.

Washegari da la'asar tana suya, yarinya ta ɗauko littafi ta nufi ƙofa.

"Ke, ina za ki tahi?"

"Gidan Gwaggo Shafa'atu, Inna."

"Mi ke gare ta wanda babu nan? Ko tabarmar gidanmu ƙaya gare ta?"

Zulfa ta tsaya tana kallonta, sannan ta shimfiɗa tabarma can nesa da murhu ta zauna. Suwaibatu ta juya mata baya, don kunya ba ta fita rana ɗaya. Zulfa ta fara karatu. Uwar ba ta gane komai ba, amma ta kasa kunne har ƙuli ya ƙone a kasko.

Can yarinya ta yi tuntuɓe a wata kalma.

"Gwaggo takan ce in sake," ta faɗa a hankali.

Suwaibatu ta ɗaga murya yadda za a ji ta bayan katanga.

"To sake. Nan gidan sau biyu ake sakewa."